Daga Sashe na 377 zuwa auren jinsi: yadda dokokin luwaɗi da maɗigo suka yi ta sauyawa a duniya

Duk lokacin da maganar masu neman jinsi ɗaya ta taso a rediyo ko a majalisar hira, akan dunƙule abubuwa da yawa a kira su da suna ɗaya, "auren jinsi". A wurin lauya kuwa tambayoyi ne huɗu mabambanta. Shin a ɗaure baligai biyu saboda abin da suka yi a ɗaki da yardarsu? Shin a bar mai kamfani ko mai gidan haya ya kori mutum saboda wannan? Shin hukuma ta rubuta zaman mutum biyu masu jinsi ɗaya a rajistar aure? Shin mutum na iya sauya jinsin da ke rubuce a takardunsa? Akwai ƙasashen da suka amsa ta farko shekaru 200 kafin su taɓa ta uku, akwai kuma waɗanda suka amsa ta farko da sharaɗin rufe ƙofar ta uku. Wanda bai rarrabe su ba, ba zai gane tarihin ba.

A yau ƙasashe sittin da 'yan kai ne ke hukunta luwaɗi ko maɗigo a dokokinsu, kusan arba'in kuma sun halatta auren jinsi. Sauran, waɗanda su ne suka fi yawa, suna tsakiya: ba ɗauri, ba aure. Fiye da rabin ƙasashen da ke hukuntawa Birtaniya ce ta taɓa mulkarsu, kuma wannan ba dace ba ne.

A Ingila, kotunan coci ne ke shari'ar luwaɗi har zuwa 1533, lokacin da Sarki Henry na Takwas ya mayar da shi laifin da kotun gwamnati ke yanke wa hukuncin rataya. An rataye mutum biyu na ƙarshe a 1835, aka cire hukuncin kisan a 1861. A 1885 aka ƙara wani sashe mai faɗi kan "mummunar alfasha" tsakanin maza, wanda ba ya buƙatar a tabbatar da saduwa. Da shi aka ɗaure marubuci Oscar Wilde shekara 2 a 1895, da shi kuma aka gurfanar da masanin lissafi Alan Turing a 1952. Faransa ta bi wata hanya dabam. Kundin laifukan da 'yan juyin juya hali suka rubuta a 1791 ya watsar da laifukan da ake ganin na coci ne, har da luwaɗi, kuma kundin Napoleon na 1810 bai dawo da shi ba. Babu wanda ya yi zanga-zanga a kai; shiru kawai dokar ta yi.

Waɗannan kundaye biyu ne Turawa suka yi ta yawo da su. Lord Macaulay ya tsara wa Indiya kundin da aka zartar a 1860, wanda Sashe na 377 nasa ya haramta saduwar da ta "saɓa wa ɗabi'a". Aka kwafe shi zuwa Singafo, Malesiya, Bama da sauransu, sau da yawa har da lambar sashen. Wani kundin kuma, na jihar Queensland ta Ostireliya na 1899, shi aka kawo Arewacin Najeriya a 1904, aka faɗaɗa shi ga ƙasar baki ɗaya a 1916. Sashe na 214 nasa ya tanadi ɗaurin shekara 14, kuma har yau yana aiki a mafi yawan jihohin Kudu. Dab da samun 'yancin kai Arewa ta yi nata Final Kod, wanda aka ɗauko daga na Sudan, shi kuma na Sudan jikan na Indiya ne. Sashe na 284 a ciki shi ma shekara 14 ne. Nijar kuwa ta gaji tsarin Faransa, don haka ta shafe shekaru masu yawa bayan 1960 babu irin wannan sashe a kundinta, alhali mutanen Maraɗi da na Katsina addini ɗaya ne, al'ada ɗaya.

A nan sai an yi hattara, domin kowane ɓangare na son ya yi amfani da rabin labarin. Ba gaskiya ba ne cewa Bature ne ya koya wa ƙasar Hausa ƙin luwaɗi. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin hukuncinsa tun kafin a ji sunan Lugga. Abin da Bature ya kawo shi ne rubutaccen sashe mai lamba, da ɗan sanda, da kurkuku. Haka kuma ba duk dokar da ke Afirka ce gadon mulkin mallaka ba. Senegal da Kamaru sun ƙara nasu sassan ne bayan samun 'yanci, Chadi a 2017, Mali a 2024, Burkina Faso a 2025.

Jamus ce ta fara samun ƙungiyar da ta fito fili tana neman a soke irin wannan doka. Likita Magnus Hirschfeld ya kafa ta a Berlin a 1897 don yaƙar Sashe na 175 na kundin 1871. Bai ci nasara ba. 'Yan Nazi sun wawashe cibiyarsa a 1933, suka ƙona littattafanta, suka tsananta sashen a 1935, aka yanke wa maza kimanin 50,000 hukunci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Jamus ta Yamma ta ci gaba da aiki da sashen yadda 'yan Nazi suka bar shi har 1969. Sai a 1994 aka share shi gaba ɗaya, sai kuma a 2017 aka soke hukunce-hukuncen bayan yaƙi, aka ware Yuro 3,000 ga kowane mutum, da ƙarin 1,500 kan kowace shekarar da ya yi a kurkuku. Yawancinsu sun riga sun mutu.

Ƙofofi uku ake bi wajen sauya irin wannan doka: majalisa, kotu, ko ƙuri'ar raba gardama. Kowace tana da inda take zuba.

Ingila ta bi ta majalisa, kuma a hankali. Kwamitin Wolfenden ya ba da rahoto a 1957 cewa akwai ɓangaren rayuwar mutum ta sirri da bai kamata dokar laifi ta shiga ba, ko da jama'a na ganin abin zunubi ne. Rarrabe zunubi da laifi ke nan, kuma a kan wannan ginshiƙin kusan duk shari'o'in da suka biyo baya suka tsaya. Majalisa ta ɗauki shekara 10 kafin ta yi dokar 1967, kuma ta cika ta da sharuɗɗa: Ingila da Wales kaɗai, mutum biyu kacal, a keɓe, kowanne ya kai shekara 21, ban da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa na kasuwanci. Da yake dokar ta ƙayyade ma'anar "a keɓe" sosai, 'yan sanda suka mayar da hankali kan duk abin da ya faɗo wajen layin, kame ya ƙaru a shekarun da suka biyo. Shekarun amincewa ma ba su yi daidai da na mace da namiji ba, wato 16, sai a farkon wannan ƙarni.

A tsakanin nan ne abubuwa biyu suka sauya yanayin muhawarar. Tarzomar mashayar Stonewall a New York, ranar 28 ga Yunin 1969, ta mayar da fafutukar daga rubuta wa 'yan majalisa wasiƙa zuwa fita titi. Sannan ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ranar 17 ga Mayun 1990. Wannan ya kwance wa lauyoyin gwamnati wata hujja da suka daɗe suna dogara da ita a kotu.

Ƙofar kotu ta fi sauri, amma tana da matakai, kuma ana iya faɗuwa a kowanne. Na farko shi ne hurumi: dole mai ƙara ya nuna dokar ta taɓa shi da kansa, wanda ke nufin ya tsaya gaban alƙali ya bayyana abin da doka ta ce laifi ne. A kan wannan Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta kori ƙarar da aka shigar a 2014 kan dokar hana auren jinsi, ba tare da ta taɓa gundarin maganar ba. Jeffrey Dudgeon na Ireland ta Arewa ya tsallake wannan shinge ne domin 'yan sanda sun bincike gidansa sun yi masa tambayoyi. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke a 1981 cewa kasancewar dokar kaɗai ta keta haƙƙinsa na rayuwar sirri, ko da ba a gurfanar da shi ba. Hukuncin ya ja Ireland ta soke tata dokar a 1993, Cyprus kuma a 1998. A Ostireliya, Nicholas Toonen ya kai jihar Tasmania gaban kwamitin haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi nasara a 1994, amma kwamitin ba shi da ɗan sanda. Sai da gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta danne ta jihar, Tasmania kuma ta yi ta jan ƙafa har 1997.

Mataki na biyu shi ne wane haƙƙi za a rataya ƙarar a kai. Idan sirri ne, abin da za a samu bai wuce a daina kame ba. Idan daidaito da mutunci ne, hukuncin na iya zama tsani zuwa wasu buƙatun. Afirka ta Kudu ta taƙaita wa kanta hanya, domin kundin tsarin mulkinta na 1996 ya ambaci jinsin da mutum ke sha'awa ƙarara cikin abubuwan da ba a nuna bambanci a kansu, abin da babu ƙasar da ta riga ta yi. Daga nan komai ya zo a jere: kotun tsarin mulki ta soke laifin luwaɗi a 1998, ta ba majalisa shekara 1 a 2005 ta gyara dokar aure, aka yi dokar a Nuwamban 2006.

Mataki na uku ɗaukaka ƙara ne, kuma nan ake tufka da warwara. Indiya ce babban misali. Babbar Kotun Delhi ta cire baligai masu yarda daga Sashe na 377 a 2009. Mutane suka fito suka bayyana kansu a wuraren aiki da cikin dangi. A Disambar 2013 alƙalai biyu na Kotun Ƙoli suka dawo da sashen, suna cewa mutanen da abin ya shafa 'yan ƙalilan ne, kuma waɗanda aka gurfanar cikin shekara 150 ba su kai 200 ba. Hujjar tana da rauni, domin illar irin wannan doka ba a yawan ɗauri take ba. Amfaninta ga ɗan sanda da ɗan damfara shi ne barazana: kawo kuɗi ko in tona. Abin da ya warware ƙullin wata shari'a ce da ba ta shafi luwaɗi ba sam, ta katin shaidar ɗan ƙasa, inda alƙalai 9 suka yanke a 2017 cewa sirri haƙƙi ne na tsarin mulki. A kan wannan alƙalai 5 suka tsaya ranar 6 ga Satumbar 2018 suka rushe hukuncin 2013. Kotun nan dai ita ce ta ƙi halatta auren jinsi a Oktoban 2023, ta ce aikin majalisa ne. Wani abin lura: kotun ta bar Sashe na 377 yana aiki kan fyaɗen da aka yi wa namiji, amma sabon kundin da ya fara aiki a Yulin 2024 ya share sashen ɗungurungum, alhali dokar fyaɗe mata kaɗai ta ambata. An bar baligin namiji da aka yi wa fyaɗe ba shi da sashen da ya dace da ƙararsa.

Amurka ma ta yi kwan-gaba-kwan-baya. Kotun Ƙoli ta goyi bayan dokar jihar Georgia a 1986 da rinjayen 5 da 4, sannan ta janye maganarta a 2003 a shari'ar Lawrence da jihar Texas, da 6 da 3, lokacin da jihohi kimanin 13 ke da irin dokar.

Sashe iri ɗaya kan samu hukunci biyu. A Mayun 2019 Babbar Kotun Kenya ta ƙi soke sassa na 162 da 165. Makonni kaɗan bayan haka, a Yuni, takwararta ta Botswana ta soke nata masu kusan lafazi ɗaya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2021. Alƙalan Kenya sun jingina da sashen tsarin mulkin 2010 da ya ce aure tsakanin mace da namiji ne, suna ganin soke laifin zai buɗe ƙofar da sashen ya rufe. A yankin Caribbean kuwa matsalar wata ce: wasu kundayen tsarin mulki na ɗauke da sashen da ya kare duk dokar da aka gada daga Turawa daga ƙalubalen kotu. Shi ya kayar da ƙara a Jamaica a 2023, shi kuma ya sa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Trinidad da Tobago ta dawo da laifin a Maris ɗin 2025, shekara 7 bayan an soke shi.

Idan aka duba, sokewar da ta fi daɗewa ba a taɓa ta ba ita ce wadda aka yi shiru cikin gyaran kundi gaba ɗaya, kamar Mozambik a 2015 da Angola, inda sabon kundi ya fara aiki a 2021. Gabon ta sanya laifin a 2019, ta cire a 2020. Singafo ta yi ciniki a fili a 2022: ta soke Sashe na 377A, a zama ɗaya kuma ta gyara tsarin mulki don kada kotu ta taɓa ma'anar aure.

Maganar aure ta zo a makare, kuma asalinta na takarda ne fiye da na biki. A shekarun 1980, lokacin da ƙanjamau ke kashe maza da yawa a Turai da Amurka, sai a ga mutum ya yi shekara 20 tare da wani, amma asibiti ba ta san shi ba, mai gida ya kore shi, fansho da gado su wuce shi. Denmark ta ƙirƙiro rajistar zaman tare a 1989 don toshe wannan giɓi ba tare da kiran abin aure ba. Holan ce ta fara kiransa aure ranar 1 ga Afrilun 2001, Beljiyam a 2003, Sifaniya da Kanada a 2005, Ajantina a 2010. A Amurka an ƙidaya tanade-tanade 1,138 na dokar tarayya da suka rataya kan ko mutum na da aure. Shari'ar da ta karya dokar 1996 mai hana gwamnatin tarayya amincewa da auren jinsi ma ta haraji ce: an caji Edith Windsor dala 363,053 kan gadon da matar da ta aura ta bar mata, wanda ba za ta biya ko sisi a kai ba da miji ne ya bar mata. Ta yi nasara a 2013, sannan a 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta wa duk jihohi amincewa da auren jinsi, da rinjayen ƙuri'a 1 tak. Saboda siririn rinjayen ne majalisa ta yi wata doka a Disambar 2022 a matsayin garkuwa, ko da kotun ta sauya ra'ayi.

Ƙuri'ar raba gardama takobi ce mai kaifi biyu. Ireland ta amince da kashi 62 cikin 100 a Mayun 2015, Switzerland da kashi 64 a 2021, kuma ba a sake tayar da maganar ba a can. California kuwa ta yi amfani da ƙuri'a a 2008 ta ƙwace abin da kotu ta bayar watanni kaɗan kafin nan, Kuroshiya ta kulle ma'anar aure a tsarin mulki a 2013. A Taiwan hanyoyin biyu suka yi karo: kotu ta ba majalisa shekara 2 a 2017, masu zaɓe suka ce a 2018 kada a taɓa kundin dokar aure, sai majalisa ta yi doka ta daban a Mayun 2019, ta bi umarnin kotu ba tare da ta saɓa wa lafazin ƙuri'ar ba. Tailan ta biyo baya a Janairun 2025.

Batun sauya jinsi a takarda yana da nasa tarihin, kuma taswirarsa ba ta bi ta sauran ba. Sweden ta fara ba da dama a 1972, da sharaɗin a yi wa mutum aikin hana haihuwa, sharaɗin da ya zauna har 2013. Ajantina ta cire buƙatar likita da alƙali a 2012. Iran, wadda ke yanke hukuncin kisa kan luwaɗi, ta amince da tiyatar sauya jinsi tun shekarun 1980 bisa fatawar Ayatullahi Khomeini. Pakistan ta yi doka a 2018, Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke manyan sassanta a 2023.

Rubutun doka dai ba shi ne rayuwa ba, ta kowace fuska. Masar ba ta da sashen da ya ambaci luwaɗi, amma da dokar yaƙi da karuwanci ta 1961 ta gurfanar da maza 52 a 2001. Afirka ta Kudu na da dokar aure tun 2006, amma a 2008 aka yi wa Eudy Simelane, 'yar wasan ƙwallon ƙafa ta ƙasar, fyaɗe aka kashe ta. Rasha ta cire laifin a 1922, Stalin ya dawo da shi a 1934, aka sake cirewa a 1993. Yau saduwar ba laifi ba ce, amma dokar 2013 ta hana "farfaganda", kuma a Nuwamban 2023 Kotun Ƙoli ta ayyana fafutukar masu neman jinsi ɗaya a matsayin tsattsauran ra'ayi.

Wannan salo na Rasha shi ne sabon abu a ƙarnin nan. Tsoffin sassan Turawa aikin suke hukuntawa, kuma tabbatar da aiki a kotu na da wuya. Sababbin dokokin sun koma kan magana, taro da ƙungiya. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi shekara 14 ga auren jinsi, wanda dama ba ya yiwuwa a dokar Najeriya. Sabon abin da ke cikinta shi ne shekara 10 ga wanda ya yi rajistar ƙungiya, ya tallafa mata, ko ya nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a. Ta hau kan Final Kod ne, da kuma kundayen shari'ar Musulunci da jihohi 12 na Arewa suka kafa daga 2000, waɗanda suka tanadi bulala, ɗauri ko jifa. Uganda ta yi irinta a 2014, kotu ta soke ta cikin watanni saboda 'yan majalisar da suka zauna ba su kai adadin da ake buƙata ba. Aka dawo da wadda ta fi tsanani a Mayun 2023, har da hukuncin kisa a wasu yanayi, kotun tsarin mulki ta tabbatar da mafi yawanta a Afrilun 2024. Majalisar Ghana ta zartar da nata ƙudirin a Fabrairun 2024, amma Shugaba Akufo-Addo ya sauka bai sa hannu ba. Sudan ta ɗan sassauta a Yulin 2020, ta cire kisa da bulala ta bar ɗauri.

Yadda ake aiki da dokar Najeriya ta 2014 ya tuna da abin da aka gani a Indiya. A 2018 'yan sanda sun kama maza sama da 50 a wani otal a Legas, aka nuna fuskokinsu ga 'yan jarida, aka gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya. A Oktoban 2020 alƙali ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu. Babu wanda aka samu da laifi, babu kuma wanda aka wanke, domin kora ce da ke ba hukuma damar sake kama su kan tuhumar.